Rasuwar Ɗan Habasha, Kaskon Gahawar Moshi Zongo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, da kuma idanu biyu a buɗe tar, ni Kofur Sualihu mai gahawa, tsohon kukun soja, mazaunin gidan Baba Awudu a Moshi Zongo da ke Tamale, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da direbobin tasha, da duk wanda ya taɓa kurɓar abin da na dafa, rasuwar abokina kuma ginshiƙin sana'ata, kaskon suyar gahawa wanda aka fi sani da Ɗan Habasha. Ya rasu wata Asabar da hantsi, a kan murhunsa, yana tsakiyar aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Afa, malamin unguwarmu, ya tabbatar mini ana faɗin wannan a kan kowace irin asara, saboda haka kada wani ya tsaya gyara mini addini.

Ina roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A liƙa takarda ɗaya a tashar mota, ɗaya a bakin kasuwa, a kuma kai ɗaya Nyanshegu a karanta ta da murya sosai, kusa da katangar mata idan hali ya yi. Dalilin haka zai fito a gaba.

Tun farko in wanke kaina: ni ba mai zargi ba ne. Kowa a zongon nan shaida ne. Amma kaskon da ya ƙetare teku da ni ya dawo, wanda harsashin Italiya bai huda ba, damunar ƙasar Bama, can gabas da Indiya, ba ta cinye ba, bai kamata ya zo ya mutu a gida mai ƙofa ɗaya, a ce wai ba wanda ya san komai ba. Wannan ne ya hana ni barci, shi ne kuma ya sa sanarwar ta makara.

An haifi marigayi a ƙasar Habasha, a hannun wani maƙeri da ban sani ba, Allah ya saka masa. Ƙarfe ne mai faɗi, marar zurfi, mai doguwar mariƙa. Na same shi lokacin yaƙi, a wani ƙauye da muka yada zango, wurin wata tsohuwa da ke soya 'ya'yan gahawa a ƙofar bukkarta kowace safiya. Ƙamshin ne ya ja ni daga bayan tukwanen bataliya. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, amma ta koya mini aikin da hannu da harara: yadda ake juyawa ba tsayawa, yadda ake sauraro, yadda ake saukewa kafin mai ya fito. Ranar da za mu tashi na ba ta bargona na soja, ta ba ni kaskon. Sai ta nuna tulun ruwa, ta nuna kasko, ta kaɗa mini yatsa a fuska. Na fahimta sarai. Ba a wanke shi, ba a goge shi, tsumma kawai ake shafa masa, domin baƙin da ke jikinsa shi ne iliminsa. Na riƙe wannan wasiyya kamar yadda na riƙe umarnin sajan-manjo.

Da aka sallame mu muka sauka a Takoradi, abokaina wasu suka sayi keke, wasu suka koyi tuƙi, wasu suka koma gona. Ni na hau mota da kasko a ƙirji, muka haye fiton Yeji, na iso Tamale da niyyar koya wa mutanen garin nan shan gahawa. Na samu wani direba da ke bin hanyar Togo ya riƙa kawo mini ɗanya a buhu, na kafa tebur a bakin tasha, na jera finjalai.

Allah ya sani mun sha wuya, ni da shi. Mutanen Tamale da safe koko suke sha, in barci ya dame su goro suke tauna. Na farkon da ya ɗanɗana ya tofar, ya tambaye ni maganin wace cuta ce. Wata mai tallan ƙosai ta ce in bar ƙona wake, zunubi ne. Na kai wa kukun wani Bature, ya ce maigidansa na gwangwani yake sha. Mutum ɗaya ne ya tsaya mini a lokacin, Alhaji Abdulgafaru, dattijon da ya je Makka a ƙasa ta hanyar Sudan ya koyo shan gahawa a can. Shi ma abin da yake cewa kullum shi ne, "Ba laifi, Kofur," da muryar wanda ke yi wa mai jinya sannu.

A duk wannan zamanin marigayi bai taɓa gajiya ba. Shi mai haƙuri ne da wuta, mai adalci wajen rabon zafi, ba ya ƙona na gefe ya bar na tsakiya ɗanye. Ba shi da yawan surutu. In an zuba masa ɗanya, shaa, shaa kawai za ka ji yana amsa muciya. In ta fara nuna, sai ya ce tas, can kuma tas, tas, a hankali, yana jan kunnena. In na shagala da gaisuwa, sai ya ɗaga murya, taratatas, ma'ana sauke ni ko ka yi asara. In na rataye shi a ƙusarsa da ke bangon ɗakina, ya kan ce ƙwal sau ɗaya ya yi shiru. Ban taɓa jin ya yi da wani ba.

Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne, ba a aronsa. Na san al'adar zongo. A gidan haya irin namu turmi na kowa ne, rariya ta kowa ce, garwashi ma a kan ɗiba ba sai an tambaya ba. Wanda ya hana aro, an gama da shi. Amma da Mma Humu, tsohuwar da ke ɗakin bakin zaure, ta aiko a ba ta kaskon za ta soya gyaɗa, na ce a gaishe ta, a ce mata wannan ba ya fita. Daga ranar aka sa mini suna Kofur Ba-a-taɓawa. Na ji, ban kula ba. Matata Lariba, 'yar mutanen Nyanshegu, ita ma na kafa mata doka tun ranar da ta tare: ɗaki nata ne, akwati nata ne, ni ma nata ne, ban da abin da ke rataye a ƙusar nan. Ta durƙusa irin na matan Dagomba ta ce, "Naa," wato na ji. Mace ce mai hannu, duk zongo an san ta da daka wa masu jego yaji. Harkar mata ce, ban taɓa shiga ba.

Bayan aurenmu da 'yan watanni ƙofar arziki ta buɗe, kuma ta wata hanya mai ban mamaki. Wata Asabar Alhaji Abdulgafaru ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa, ya miƙo finjali a ƙara masa, abin da bai taɓa yi ba. Direbobin Kumasi da na Bolga suka ɗanɗana suka yi ta kiran junansu. Abin lura, suyar Asabar ce kawai take haka. Ta Lahadi tana ɗan biye da ita, ta Talata kuwa ta koma ba laifi. Direbobi suka sa mata suna 'yar Asabar. Da na gane haka sai na mai da suyar mako gaba ɗaya ranar Asabar, in daka, in ƙunsa a takarda, masu tafiya su saya su tafi da ita. A haka muka yi rufin kwano a rumfa, a haka muka yi sunan 'yarmu Sanatu da rago.

Na zauna na yi nazarin abin, kamar yadda ya dace da mai hankali. Me ya bambanta Asabar da sauran ranaku? Tana bin Juma'a. Me nake yi ranar Juma'a? Ina zuwa babban masallaci in roƙi Allah ya sa wa sana'ata albarka. Magana ta fito. Sai na riƙa ƙara zama bayan an sallame, ina jan carbi. Abin da ya ƙara sakankantar da ni, duk Juma'ar da na fi daɗewa, gahawar washegari ta fi daɗi. Har wa'azi na yi wa direbobi a kan haka, wasunsu ma suka fara salla.

Yanzu da nake waiwaye, akwai alamomin ciwo da marigayi ya riƙa nunawa. Ina rataye shi mariƙa tana kallon ƙofa, in dawo daga masallaci in tarar tana kallon taga. Wani lokaci in taɓa shi in ji ɗumi, in ce zafin kwanon rufi ne. Baƙinsa ya riƙa wani sheƙi da ban san shi da shi ba. Muryarsa ta sirance, ƙwal ɗin nan mai nauyi ya koma ƙil. Sannan ga Mma Humu. Matar da ba ta ko amsa mini gaisuwa sauran ranaku, amma duk Juma'a, da zarar na kunno kai lungu, sai ta ɗaga murya daga bakin zaure yadda har bayan gida za a ji: "Kofur, sannu da dawowa. Kofur ya dawo. Ƙaƙa masallaci?" Ta riƙe ni da tambayar abin da liman ya ce, ita da ba ta jin Larabci. Na ɗauka girmamawa ce ga tsohon soja.

Ranar da abin ya faru, na hura gawayi kamar kullum, na zuba ɗanya mafi kyau da na samu a wannan kaka. Ya ce shaa, shaa. Ya ce tas. Sai na ji wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ƙwas, 'yar ƙarama. Kafin in ankara tsakiyarsa ta buɗe, 'ya'yan gahawa suna tsiyaya cikin wuta, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Na ɗaga shi sama, na hango rana ta cikinsa. Na zauna a ƙasa riƙe da shi har ya huce. Na yi kuka, ba kuma na jin kunyar faɗa.

Mutum na farko da ya faɗo mini a rai shi ne Masahudu mai shayi, wanda teburinsa ke fuskantar nawa a tasha. Tun da 'yar Asabar ta yi suna, direbobi suka rage zama a bencinsa. Ya taɓa zuwa gidana ya yabi kaskon, yabo mai yawa, fiye da yadda ake yabon kayan wani. Har ya ce in bar shi ya ji nauyinsa. Mutumin da ke tafasa ganye ɗaya sau uku, me ya sani game da nauyin ƙarfe? Ban ce ya yi asiri ba. Na dai ce an gan shi yana fitowa daga gidan wani mai duba a Kasalgu, ya ce wai ciwon ƙafa ya kai shi, alhali da ƙafar ya taka har can.

Na biyu shi ne samasama, ma'aikacin tsafta mai gajeren wando da ke shiga gida-gida yana leƙa randa neman 'ya'yan sauro. Duk zuwansa sai ya tsaya gaban ƙusar ya ƙura wa marigayi ido, ya ce baƙin abu irin wannan shi ke kawo ciwo. Kuma kowa ya san in aka ji ƙishin-ƙishin zai zo, matan gida ba abin da suke bari, har dutsen niƙa sai sun wanke. Na yi ta tunanin ko tsoron sammaci ya sa wata ta yi wa marigayi wanka.

Don in fita daga shakka na kai gawar maƙera, wurin Nashiru. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya bi bakin hudar da babban yatsa, ya ɗaga shi a haske. Na tambaye shi ko zai facu.

"Kofur, ba wurin da faci zai kama, duk ciki ya zama takarda," in ji shi. "Kuma wanga ba wuta ya ci shi ba. Yashi ne. Wani shina goge shi da yashi, ba yau ya fara ba, ba bara ba. In ya gama ya shafa mai, ya mai da baƙi."

Na fito maƙera na kama hanyar gida. Ban gaya wa kowa abin da Nashiru ya ce ba, ina so a lura da wannan. Na shiga gida na tarar da mata a tsakar gida suna tsintar shinkafa. Na tsaya a kansu da gawar a hannu, na tambaya cikin ladabi, ko akwai wadda hannunta ya taɓa kaiwa ga wannan ƙusa. Kowacce ta sunkuyar da kai. Mma Humu ta kama tari. Sai na juya ga matata na ce, "Lariba, ke fa?"

"Maigida, mi zan yi da kasko naka?" in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Abin da in ba a goge shi da yashi ba, ko gyaɗa ka sa ciki sai ya yi ɗaci paa."

Na ce, "Wa ya yi maganar yashi?"

Mata suka koma kan tsintarsu. Ni kuwa abu biyu suka haɗu suka hau mini kai. Na ɗaya, an taɓa shi. Na biyu, wanda ya fi ciwo, ashe ba bayan an gama ake goge shi don ɓoye sawu ba, tun kafin a fara ake gogewa, wato gahawata ce dattin da ake kankarewa. Ilimin tsohuwar Habasha, shekara da shekaru, ana bi da yashi duk mako. Na faɗi wasu kalmomi irin na bariki, a gaban matan gida, waɗanda ba su dace da takardar ta'aziyya ba. Lariba ta bari na gama. Ta durƙusa ta ce, "Naa," kamar ranar farko. Ta shiga ɗaki ta ƙulle kayanta a zane, ta goya Sanatu, ta nufi gidan mahaifinta a Nyanshegu. Ba ta amsa laifi ba, ina so a lura da wannan ma. Har yau a gaban shari'a ba a san wanda ya kashe Ɗan Habasha ba.

Na ce sana'a ba za ta mutu don ƙarfe ɗaya ba. Nashiru ya ƙera mini sabo, faɗi ɗaya, kauri ɗaya, mariƙa ɗaya. Na gasa shi, na shafe shi, na yi masa duk abin da tsohuwar ta koya mini. Ranar Juma'a na zauna a masallaci har ladan ya fara kallona. Asabar na soya, na daka, na dafa, na zuba wa Alhaji Abdulgafaru finjalin farko. Ya kurɓa, ya ajiye.

"Kofur, ina abin nan?"

"Wane abu, Baba Alhaji?"

"Abin nan da ke zuwa daga ƙarshe ya dafa maƙogwaro." Ya sake kurɓa don ya yi mini adalci, ya share gemu. "To. Ba laifi."

Gara a ce mari ya kwaɗa mini. Direbobi ba su da irin kawaicinsa, suka ce wannan 'yar Talata ce aka sa wa kayan Asabar. Juma'a ta gaba na zauna har la'asar, ba abin da ya sauya. Na koma zargin Masahudu, domin bencinsa ya fara cika. Na gwada jefa kanumfari, wani direba ya ce warin mai ciwon haƙori take yi. Na gwada citta, ta yi faɗa da gahawar. Na gwada kimba, ta zo kusa, amma ba ita ba ce, ko kuwa ba ita kaɗai ba. Buhun ɗanya yana nan jingine a lungu bai ko kai rabi ba, direban Togo kuma ya fara tambaya ko ya daina kawowa. In abin ya ci gaba a haka, kafin damina zan naɗe rumfa in koma neman aikin kuku a gidan Bature, da furfurata.

Ana cikin haka matar Fatawu direba ta haihu a Kasalgu, aka gayyace ni suna. Na je don kada a ce baƙin ciki ya mai da ni bare. Aka kawo mana naman rago a akushi, da yaji a gefe. Na dangwala na kai baki, ina sauraron hirar hanyar Yeji. Sai na daina jin hirar. Ga shi nan a bayan harshena, can ƙarshe, ya dafa maƙogwaro. 'Yar Asabar ce, ba gahawa a cikinta. Na sake dangwala ba nama, har na kusa da ni ya matsar da akushin.

Mma Humu ce ke rabon abinci. Da ta zo ɗaukar akushi na tambaye ta, kamar ba komai, wa ya daka wannan.

"Na Lariba ne mana, daga Nyanshegu aka aiko," in ji ta, da Hausar nan da ba ta raba mace da namiji. "Duk jego na zongo shi ke yi, kai ma ka sani." Ta ɗauki akushin, ta yi kamar za ta wuce, sai ta tsaya. "Amma tun da ya koma gida, yaji nashi ya sauka. Da akwai wani ɗaci kaɗan a baya, mai buɗe ciki, maijego ya ci tuwo sosai. Yanzu babu kuraa, ko ɗigo. Mata na ta magana. Shi ma ya rasa mi ya ɓace, har ya rame."

Ta dube ni, na dube ta. Tsohuwar nan ko kunya babu a idonta. Na tabbata duk gidan Baba Awudu sun san abin da ake yi ranar Juma'a, har kajin gidan, ni kaɗai nake can ina jan carbi ina ba su lokaci. Amma na yi sallama na fito, domin ni ba mai zargi ba ne. Na taka a ƙasa daga Kasalgu har gida ina juya maganar ɗacin nan. Ashe kayan yaji ake soyawa a kaskon duk Juma'a, yashin kuma bai taɓa kankare ɗacin gahawata duka ba. Marigayi yana karɓa daga hannu ɗaya ya ajiye wa ɗayan, Juma'a ya ba wancan nawa, Asabar ya ba ni na wancan, bai kuma taɓa gaya wa ɗayanmu ba. Na ce ba ya yi da mutane, ban san riƙon sirrinsa ya kai haka ba.

Marigayi ya rasu ya bar muciyarsa, wadda bakinta ya cinye a kan hidimarsa. Ya bar faifan da ake shanya suya a kai, da ƙaramin turmi, da butar dahuwa, da finjalai, biyu daga ciki masu tsaga. Ya bar ƙusarsa a bango. Ya bar Alhaji Abdulgafaru da ba laifi. Ya kuma bar marayu biyu, ba ɗaya ba kamar yadda na zata da farko: gahawar wani a Moshi Zongo, da yajin wata a Nyanshegu, kowanne ya rasa abin da ke zuwa daga ƙarshe. Ya bar ni ina cin wake da shinkafa a ganye a bakin tasha, safe da yamma. Ɗakin ya yi mini faɗi. Ina kewar ƙwal ɗinsa, ina kewar kukan yarinya da asuba, ina kewar sauran abin da ya fita ta ƙofar nan a makon da ya rasu. Na faɗa, an kuma rubuta.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Afa ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, na kuwa yarda da shi. Nashiru ya nemi in ba shi gawar ya narka ya fitar da fartanya, na ce wanda ya je Bama ba zai ƙare a kunyar doya ba. Za a binne shi ranar Alhamis bayan la'asar, a gindin darbejiyar da ke tsakar gidan Baba Awudu, naɗe a tsumman da ake shafa masa. An sanar da samasama za a cike ramin dam, ruwa ba zai kwanta ba. Za a yi sadakar gahawa ga duk wanda ya halarta, a yi haƙuri da ɗanɗanonta. Ana gayyatar Masahudu mai shayi, an janye zargi daga kansa zuwa wani lokaci, sai dai ya zauna inda zan riƙa ganin hannayensa. Mma Humu za ta karɓi gaisuwar mata, tunda an ga tana da murya.

Ba za a yi zaman makoki ba, domin washegari Juma'a ce. Ina sanar da jama'a, musamman na wajen Nyanshegu, cewa iyalan marigayi sun yafe, ba za a tuhumi kowa ba, ba a neman kowa ya amsa komai, ni ma kada a nemi in amsa wani abu a gaban mata. Magajin marigayi yana rataye a ƙusar nan dai, ba sarƙa, ba kwaɗo. Zan fita masallaci da wuri kamar yadda na saba, kuma akwai addu'o'i masu tsawo da suka taru mini, ba na jin zan dawo kafin la'asar. Ƙofar ɗaki sakatarta ta lalace, ban samu sukunin gyarawa ba. Akwai gawayi a kwando. Akwai kuma wata ƙwarya cike da yashi mai laushi a gindin bango, an tankaɗe shi, ban san wanda ya ajiye ta a nan ba.

Abu ɗaya kawai nake roƙo, albarkacin marigayi. A goga a hankali. Wannan yaro ne, bai je yaƙi ba.